Akwatin Telebijin a Nijar: Tarihin Shigowarsa da Darasinsa ga Mai Saye

Gabatarwa

A ƙarshen wata idan albashi ya shigo, ko kuwa gab da gasar kokowa ta ƙasa, ba a rasa ganin magidanci tsaye a bakin wani kanti a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Yamai, yana duban telebijin jere a bango, dukansu suna nuna hoto iri ɗaya. Mai kanti yakan kasa masa su kashi uku. Akwai na araha, mai sunan da ba wanda ya taɓa ji. Akwai mai tsada, wanda sai manyan alhazai da manyan ma'aikata. Sannan akwai na tsakiya, inda malamin lakwal da ma'aikacin asibiti da ƙaramin ɗan kasuwa suke tsayawa, domin nan ne ƙarfinsu ya kai. Kuɗin da za a ajiye a wannan kanti sau da yawa tarin watanni ne, ko kwasar adashi, kuma abin da aka saya zai zauna a gidan shekaru, yana yi wa yara magana kowane dare.

Wannan tsayuwa a bakin kanti sabon abu ce a tarihin Nijar. A shekarun farko na telebijin a ƙasar, gwamnati ce take zaɓen akwatin, ita take zaɓen inda za a girka shi da abin da za a kalla a ciki. Daga baya iyakar Nijeriya da ƴan kasuwa suka karɓi zaɓen. Sai a baya-bayan nan ne ya zo hannun mai gida. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, kuma duk wanda ya waiwayi shekaru sittin na telebijin a Nijar zai tarar cewa abin da ya raya akwati ko ya kashe shi bai taɓa zama kyawun hotonsa ba. Wutar da za ta kunna shi, da mai gyaran da zai tashe shi idan ya mutu, da dacewarsa da abin da ake watsowa, su ne suka yanke hukunci a kowane zamani.

Telebijin ya shigo ta ƙofar lakwal

Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba, kuma ƙwararrun malamai ƴan ƙasa kaɗan ne ƙwarai. Radiyo ya riga ya kafu tun 1958, har ma an ƙirƙiro ƙungiyoyin masu sauraren radiyo a 1962, inda mutanen gari kan taru su saurari shiri, su tattauna a kansa, a naɗi ra'ayinsu a mayar wa gidan radiyo. A cikin wannan yanayi ne gwamnatin Diori Hamani, tare da taimakon kuɗi da ƙwararrun Faransa, ta buɗe telebijin na lakwal a 1964. Ke nan yaron Nijar na farko da ya zauna gaban telebijin bai zauna domin nishaɗi ba, darasi ya zo ɗauka.

An fara gwajin da azuzuwa biyu a Yamai. Daga 1966 aka faɗaɗa shi zuwa azuzuwa kimanin ashirin a ƙauyukan da ke kewaye da birnin, da yara wajen 800. Tsarin ya dogara ne ga gajerun darussa, kowane bai wuce kwata na awa ba, waɗanda ake shiryawa a Yamai a watso su sau da dama a yini. A cikin aji kuwa ba cikakken malami ake sawa ba. Matasa ne masu takardar gama firamare, aka ba su horo na ɗan lokaci, aikinsu shi ne su shirya yara kafin darasi, su kuma maimaita da su bayan an rufe akwatin. Masu bincike daga ƙasashen waje, cikinsu har da Wilbur Schramm na Amurka, sun yi rubutu a kan wannan gwaji, suna jera shi da na Samowa ta Amurka da na Salbado, da kuma na Kodibuwa wanda ya biyo baya a 1971. Sun yaba yadda yaran suke magana da Faransanci ba tare da tsoro ba, da yadda kaɗan ne daga cikinsu suka bar karatu.

Babbar matsalar da ta fara bayyana ita ce wuta. Ƙauyukan ba su da lantarki, saboda haka da batura ake kunna akwatunan, batura kuwa suna ƙarewa, kuma daga waje ake sayo su da tsada. Wannan ne ya sa Nijar ta shiga sahun ƙasashen farko a duniya da suka kunna telebijin da hasken rana. A 1968 aka gwada farantin hasken rana a wata lakwal ta Gudel, kusa da Yamai, kuma daga baya aka yi ta girka irinsa a wasu azuzuwa. Ƙasar tana da ma'aikatar binciken makamashin rana tun 1965, wadda Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya daɗe yana shugabanta, mutumin da jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992. Duk magidancin da yake haɗa telebijin ɗinsa da faranti da batir a yau a Tasawa ko Madawa, hanyar da aka share tun wancan lokaci yake bi.

Duk da yabon da ya sha, gwajin bai game ƙasa ba. Tun farko an gina shi a gefen tsarin ilimi na kullum, da ma'aikatansa da hanyoyinsa na dabam, har ya zama yaran da suka fito daga cikinsa suna shan wahalar shiga sahun sauran ɗalibai. Kuɗin gudanar da shi sun yi nauyi idan aka raba su kan ƴan yaran da ke amfana. Kayan gyara da masu gyara daga Yamai suke fitowa, akwatin da ya lalace a ƙauye sai ya jira mota ta zo. Da ƙwararrun Faransa suka fara janyewa a farkon shekarun 1970, Nijar ta karɓi aikin ta ƙara yawan azuzuwa, amma zanen aro ba ya rufe katara. Kafin shekarun 1970 su ƙare, telebijin na lakwal ya ba da wuri ga telebijin na ƙasa. Akwai kuma batun harshe, wanda malamai suka fi kowa saninsa: darussan duka da Faransanci ne, a gaban yaran da ba su taɓa jin sa a gida ba. Hanyar koyarwa da harshen uwa ta wata ƙofa ta shigo, lokacin da aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973.

Télé Sahel da akwatin gari

Kuɗin yuraniyom ne suka sauya lissafi. An fara haƙar ma'adinin a Arlit a 1971, mahaƙa ta biyu ta fara aiki a Akokan a 1978, kuma farashinsa ya tashi a kasuwar duniya a tsakiyar waɗannan shekaru. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ta ɗauki kayan aiki da wasu ma'aikatan telebijin na lakwal ta gina Télé Sahel a kansu, aka buɗe ta a 1979 da hoto mai launi, a ƙarƙashin ma'aikatar radiyo da telebijin ta ƙasa, ORTN, wadda aka kafa a 1967. A shekarun farko ba kowace rana ake watsa shiri ba, kuma da yamma ake buɗewa a rufe kafin tsakar dare. An kakkafa dogayen turakun watsa shiri tare da babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso da Ƙwanni da Maraɗi da Damagaram, da wasu zuwa Tawa da Agadas.

A wannan zamani gidajen da ke da telebijin na kansu ana iya ƙirga su a kowace unguwa: manyan ma'aikata, hafsoshin soja, alhazai. Sauran jama'a sun san akwatin ne ta hanyar wuraren kallo na gari, waɗanda gwamnati ta kafa a unguwanni da ƙauyuka, da yawa a hannun Samariya, kuma da yawa da hasken rana suke aiki. Akan ajiye akwatin cikin ɗaki ko cikin kejin ƙarfe mai kwaɗo, a ba mutum ɗaya mabuɗi. Da magariba ta wuce sai a fito da shi, yara a gaba kan rairayi, mata a gefe guda, dattawa a baya kan tabarma ko benci. Ba wanda yake tambayar wace tasha za a kamo, tun da ɗaya ce tak.

Abin da ya riƙe mutane a gaban wannan akwati shi ne ganin kansu a ciki. Labarai da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa sun kai fuskar shugabanni da hoton gonakin wasu jihohi ga mutanen da a da sai dai su ji a radiyo, gani kuwa ya kori ji. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan radiyon Damagaram, wadda Yazi Dogo ya yi suna a cikinta, ta riƙa fitar da wasanni da Hausa a kan rikicin gida da cin hanci da son zuciyar ma'aikata, har waɗanda Hausa ba harshensu na farko ba ne suna kallo. Gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe ta, ta sami filin da ya fi kowane fili girma lokacin da ta shiga telebijin. Haka ma bikin matasa na ƙasa da waƙoƙinsa da raye-rayensa. Gwamnatin soja ta san amfanin akwatin wajen isar da saƙonta, kuma ta yi amfani da shi matuƙa. Amma jama'a ma sun sami rabonsu a ciki.

Wuraren kallo na gari da yawa sun mutu sannu a hankali bayan farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980. Batir yakan gaji ba a canza shi ba, faranti yakan fashe ko a sace shi, akwati yakan yi shiru a rasa mai buɗe bayansa. Cutar da ta kama telebijin na lakwal ita ce ta sake kama na gari: an yi tanadin saye, ba a yi tanadin gyara ba.

Iyaka ta shiga zancen

A kudancin ƙasa, daga Ƙwanni zuwa Magarya, tarihin telebijin ba ya cika sai an haɗa da Nijeriya. Can an buɗe tashar Ibadan tun 1959, ta Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshin a ƙarƙashin NTA a 1977. Mutumin garin bakin iyaka da ya ɗaga eriyarsa kan dogon ƙarfe yakan kamo shirye-shiryen ƙetare, da wasannin Hausa irin na Samanja da Karkuzu. Kayan ma ta nan suke shigowa. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, sun daɗe da sanin hanyar Jibiya da Katsina da Kano, kuma faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa kayan da ke kasuwannin Nijeriya suka yi sauƙi ga mai riƙe da sefa.

Sai dai a nan mai saye ya haɗu da wani tarko ba tare da ya sani ba. Nijar, kamar yawancin ƙasashen da Faransa ta mallaka, ta bi tsarin launi na SECAM, wanda Faransa ta ƙirƙiro. Nijeriya kuwa ta bi PAL, wanda aka ƙirƙiro a Jamus. Akwatin da aka yi domin PAL kaɗai, idan aka kawo shi Maraɗi aka kamo Télé Sahel, sai launi ya ɓace, hoto ya koma fari da baƙi, sau da yawa muryar ma ba ta fita domin ba wuri ɗaya tsarin biyu suke ajiye ta ba. Magidanta da dama sun koyi wannan darasi ne bayan sun biya kuɗi sun ƙetare duwan. Daga nan tambayar farko a kanti ta zama ko akwatin yana cin tsari biyu. Kamfanonin Japan irin su Sharp da Sony da National da JVC sun cika kasuwa da akwatunan da ke karɓar kowane tsari, kuma sunayensu suka zama abin alfahari a cikin kayan ɗakin amarya.

Na'urar bidiyo ta ƙara wa wannan tambaya nauyi. Finafinan Indiya, waɗanda aka saba gani a gidajen silima, sun koma kaset. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, kuma kafin shekaru goma su cika finafinan Hausa na bidiyo sun mamaye kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, dukansu a tsarin PAL. Gidajen kallo na kuɗi suka buɗe a unguwanni, ana biyan dala kaɗan a shiga. Akwatin da gwamnati ta kawo domin ta yi wa jama'a magana ya zama akwatin da jama'a ke sa abin da suka ga dama.

Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, a daidai lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi na watanni. Wannan ne ya buɗe kasuwar telebijin na hannu, waɗanda aka gama amfani da su a Turai, ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. A waɗannan shekaru ne mai gyaran telebijin ya zama mutum mai muhimmanci a kowace unguwa, da rumfarsa cike da gawarwakin akwatuna yana ciro kayan wannan yana raya wancan. Tsohon akwati mai doro yana da nauyi, yana shan wuta, amma kusan kowane ɓangarensa ana iya cire shi a maye gurbinsa, shi ya sa akwai gidajen da ya yi shekara ashirin yana aiki.

Tashoshi sun yawaita, akwati ya koma bango

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe hanyar kafa gidajen watsa labarai masu zaman kansu. Radiyoyi ne suka fara, telebijin ya biyo baya: Ténéré a 2000, tasha ta biyu ta gwamnati Tal TV a 2001, Dounia a 2007, sannan wasu da dama. Farantin tauraron ɗan Adam, wanda a da sai gidan attajiri, ya ƙanƙance ya yi araha har ya hau rufin gidajen laka. Ta cikinsa tashoshin Larabawa da na Faransa da wasannin ƙwallon Turai suka shigo, haka ma Arewa24 da ta fara watsa shirye-shiryenta da Hausa zalla a 2014, da wasanninta irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in.

Akwatin kansa ya canza kama. A ƙarshen 2007 cinikin telebijin masu shafaffen allo ya zarce na masu doro a duniya, kuma ba da daɗewa ba manyan kamfanoni suka daina ƙera tsofaffin. Har yanzu mutane da yawa suna kiran kowane telebijin na bango da sunan filasma, alhali an daina ƙera ainihin filasma tun wajen 2014. Abin da ke kasuwa yanzu gilashin LCD ne, wanda jerin ƙananan fitilun LED ke haskawa daga baya. Sunayen Japan sun ja baya, na Koriya irin su Samsung da LG suka hau sama, na Sin irin su Hisense da TCL suka cika tsakiyar kasuwa, sannan ga tarin sunayen da ƴan kasuwa ke liƙawa a kan kayan da suka yi oda.

Rigimar PAL da SECAM ma ta ba da wuri ga wata. A taron Janeba na 2006, ƙasashen Afirka da Turai suka amince su bar tsohuwar hanyar watsa shiri su koma ta dijital, aka sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adi, ko da yake ƙasashen Afirka da yawa sun wuce shi. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun zaɓi tsarin DVB-T2. Akwatin da ba ya ɗauke da shi a cikinsa ba zai kamo tashoshin dijital na ƙasa ba sai an saya masa dikoda dabam. Mai sayen telebijin na hannu daga Turai, ko wanda aka yi domin kasuwar wata nahiya, yana iya faɗawa ramin da mahaifinsa ya faɗa a 1985.

Tambayoyin da tarihi ya bar wa mai saye

Tambaya ta farko ita ce ta Gudel, wato wuta. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai yake samun lantarki a Nijar, kuma babban kaso na wutar birane daga Nijeriya ake jawo shi tun da aka shimfiɗa layin Birnin Kebbi zuwa Yamai a 1976. Lokacin da aka yanke wannan wuta daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, gidaje da yawa sun gane darajar akwatin da ba ya da ci. A bayan kowane telebijin akwai ƴar takarda da ke nuna wat nawa yake sha. Tsohon mai doro na inci 21 yakan sha tsakanin 60 da 100. Na bango mai inci 32 yakan tsaya tsakanin 30 da 50, mai inci 55 kuwa yakan kai 100. Ga gidan da ke dogara da faranti da batir, wannan bambanci shi ne tsakanin kallon labarai har ƙarshe da mutuwar allo a tsakiyarsu. Akwai kuma akwatunan da ke aiki kai tsaye da bolt 12 na batir, waɗanda suka fi dacewa da ƙauye. A birni, inda wuta kan ɗauke ta dawo da ƙarfi, na'urar daidaita wuta tana cikin kuɗin telebijin, kuma ya kamata a lissafa ta tun kafin a fara ciniki.

Tambaya ta biyu ita ce ta wuraren kallon Samariya, wato gyara. Telebijin na bango ba ya da juriyar mai doro. Abubuwa biyu suka fi mutuwa a cikinsa: sashen da ke karɓar wuta, da fitilun bayan gilashi, waɗanda zafin bazara da ƙurar hunturu ke rage wa kwana. Duka biyun ana canza su idan akwai kayan a gari. Gilashin kansa idan ya fashe, kuɗin canza shi ya kusa kuɗin sabo. Saboda haka mai hankali yakan fara zuwa rumfar mai gyara kafin ya je kanti, ya tambaye shi wane suna ne kayansa ke samuwa, wane ne kuma ake yawan kawo masa ya rasa yadda zai yi da shi. Takardar shaidar saye da garanti a rubuce, mai ɗauke da lambar akwatin, sun fi rantsuwar mai kanti amfani. A nan ne araha ba ta ado: akwatin da ba a san mai ƙera shi ba, ranar da ya mutu ba shi da dangi.

Tambaya ta uku ita ce ta PAL da SECAM, wato dacewa. A duba a kwali ko a bayan akwatin a ga DVB-T2 domin tashoshin ƙasa, da DVB-S2 idan ana son haɗa faranti ba tare da dikoda ba. A ƙirga kafofin HDMI, a tabbatar akwai ta USB. Ga malami da ƙungiyar al'adu wannan ƴar kafa ta USB ta fi kowace daraja, domin ta cikinta ake nuna darasi, ko wasan kwaikwayon ɗalibai, ko hirar da aka naɗa da wani dattijo, ba tare da intanet ba. Akwatunan da ke shiga intanet da kansu suna da amfani ga gidan da ke iya biyan kuɗin layi, amma manhajojinsu sukan tsufa kafin gilashin ya tsufa, don haka ba dalili ba ne na ƙara kuɗi masu yawa.

Girma da kaifin hoto, waɗanda mai kanti ya fi yawan magana a kansu, su ne na ƙarshe a jerin. Ana auna allo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, inci 32 ya kai santimita 81, inci 43 ya kai 109. A ɗakin da tsakanin kujera da bango bai wuce mita biyu zuwa uku ba, ɗaya daga cikin biyun ya isa. Allon Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, na 4K yana da 3840 da 2160, amma a kan inci 43 daga nisan mita uku ido ba ya rarrabe su, kuma mafi yawan tashoshin da ake kamawa ba sa watsa hoton 4K. Abin da ya fi cancanta a gwada a kanti shi ne murya, tun da siraran akwatuna ba su da wurin manyan lasifika, da kuma yadda hoton yake idan an kalle shi daga gefe. A gidan Bahaushe mutum ɗaya ba ya kallon telebijin, kuma yaran maƙwabta da ke zaune a bakin ƙofa su ma ƴan kallo ne.

Kammalawa

A 1964 gwamnati ta zaɓi akwati, ta zaɓi darasi, ta zaɓi harshe, ta ajiye matashi a gefensa domin ya yi wa yara bayanin abin da suka gani. A yau duk waɗannan nauye-nauye sun taru a kan mai gida da uwargida, kuma akwatin da suka saya yana ɗauke da ɗaruruwan tashoshi waɗanda ba wanda ya tace musu. A Maris ɗin 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma yawan Hausar da yaro zai ji a allo, da irin Hausar, ya rataya ne ga abin da ake shiryawa da abin da iyaye ke kunnawa. Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna da aiki biyu a nan. Na farko, su nemo tsofaffin kaset-kaset na wasanni da waƙoƙi da kokowa da ke hannun mutane, su juye su kafin zafi da ƙura su cinye su. Na biyu, su riƙa tuna wa iyaye abin da masu telebijin na lakwal suka gane tun farko, cewa darasin allo ba ya zama sai da babba a kusa wanda zai tattauna shi da yaro bayan an kashe akwatin.